Yadda Ake Gyara Kuskuren Ofishin Lauya a Takardar Gidan Gado

Takardar gidan gado ba ta cika nuna aibinta ranar da aka karɓo ta ba. Ana karɓowa a naɗe a leda, a kulle a akwati, kowa ya kama gabansa. Sai ranar da aka tashi sayar da gidan, ko kai shi banki jingina, ko karɓar diyya saboda titi ya biyo ta wajen, sannan a ji cewa lambar fulotin da ke takardar ba ita ce a fayil ɗin gwamnati ba, ko kuma babu sunan ɗaya daga cikin 'ya'yan marigayi.

Na daɗe ina bin irin waɗannan fayiloli tsakanin kotu da ofisoshin lauyoyi da ma'aikatar ƙasa, kuma yawancin kurakuran hanyarsu ɗaya ce. Akawu ya buɗo tsohuwar takardar wani a kwamfuta, ya canza sunaye, ya manta da sauran. Lauya ya sa hannu bai bi layi-layi ba. Magada su ma sun sa hannu, don Turanci ne, kuma sun yarda da Barista. Abin yana gyaruwa. Sai dai ka riƙe wannan tun daga farko: gyaran da ya tsaya a kan takardar da ke hannunka bai yi komai ba, sai ya shiga fayil ɗin da ke ma'aikatar ƙasa. Bayanin nan a kan tsarin Nijeriya yake, musamman jihohin Arewa.

Abubuwan da za ka tanada

- Ainihin takardar mai kuskure, da kwafinta kamar uku. A kan kwafi za ka yi duk wani zane.
- Takardar da marigayi ya mallaki gidan da ita: shaidar mallaka ta gwamna wadda kowa ke kira C of O, ko takardar ba da fili, ko takardar ciniki.
- Taswirar safiyo.
- Kwafin hukuncin rabon gado mai hatimin kotu, tare da takardar da kotu ta mallaka wa kowa rabonsa. In ta Babbar Kotu aka bi, to takardar izinin kula da dukiyar mamaci.
- Takardar shaidar mutuwa, ta asibiti ko ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.
- Katin NIN na kowane magaji, da hotunan fasfo.
- Rasit ɗin kuɗin da aka biya lauya, da duk abin da kuka aika masa, har saƙonnin WhatsApp.
- Rasit ɗin kuɗin ƙasa, wato hayar fili da ake biyan gwamnati shekara-shekara.
- Ƙaramin littafi na rubuta ranar da ka je kowane ofis, teburin da ka tsaya, da abin da aka ce maka.

In hukuncin rabo ya ɓata, koma kotun da ta yi rabon da lambar shari'a. In babu lambar, sunan marigayi da shekarar rabo kan isa magatakarda ya lalubo. In ainihin C of O ce ta ɓata ko ta ƙone, sai an yi rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa, galibi har da sanarwa a jarida, kafin ma'aikata ta ba da kwafin da ta tabbatar.

Mataki na 1: Kada alƙalami ya taɓa ainihin takardar

Kada ka kankare, kada ka shafa farin ruwan gogewa, kada ka gyara harafi ko ɗaya da biro, ko da kuskuren a fili yake kamar rana. Takardar da aka goge ta zama abar tuhuma, kuma mai gogewar yana iya tsintar kansa yana amsa tambaya a kan jabu. Haka nan in wani a ofishin lauya ya ce ka kawo a cire shafin a sa sabo, kada ka yarda muddin takardar ta riga ta shiga rajistar ma'aikatar ƙasa, domin kwafinta yana can a ajiye, kuma daga ranar naka da na gwamnati sun saɓa.

Mataki na 2: Jera takardun ka karanta su tare

Shimfiɗa takardun a jere bisa tsufansu: ta marigayi, taswira, hukuncin kotu, sai takardar lauya a ƙarshe. Ku zauna ku biyu, ɗaya yana karantawa da ƙarfi, ɗaya yana bi da yatsa. Wanda ya ga kuskure ɗaya ya ruga ofishin lauya, sau da yawa sai an gama gyara ya gano na biyu.

Ku duba sunan marigayi harafi-harafi. Muhammad, Mohammed da Muhammadu duk mutum ɗaya ne a unguwa, amma a rajista kowanne daban ake ɗaukarsa. Ku duba sunayen magada da yadda suke a NIN. Ku duba lambar fuloti da lambar shimfiɗar unguwa da lambar fayil, don 168 kan koma 186 cikin sauƙi. Ku duba faɗin fili, da ranar rasuwa, da lambar shari'a. Sannan ku fita da taswira ku nemo turakun kankaren da safiyo ya kafa a kusurwoyin gidan, ku goge ƙasar da ta rufe kansu, ku karanta lambobin da ke jiki ku gwada da na takarda.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne kason kowa. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa kuma sun riga shi. Matar tana da tumunin takaba, ɗaya bisa takwas. Bakwai ɗin da suka rage, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya, kamar yadda ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i suka tsara. In akawu ya bar jimlar tsohuwar takarda mai cewa magada sun mallaki gidan daidai wa daida, to takardar ta rushe rabon alƙali da kalmomi uku, ba tare da kowa ya lura ba. In kuma sunan 'ya ɗaya ya faɗi a wajen bugawa, an cire mata haƙƙinta kacokan. Na lura sunayen mata, musamman waɗanda suke aure a wani gari, su suka fi faɗuwa, domin ba su ke zuwa ofishin ba.

Mataki na 3: Gano inda kuskuren ya samo asali

Je ma'aikatar ƙasa ka nemi binciken fayil a rubuce. A Kano akwai KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, sauran jihohi ma kowacce da nata ofishin. Ka biya kuɗin bincike ta hanyar da gwamnati ta ayyana, ka karɓi rasit. Abu biyu kake son sani: ko takardar lauyan ta shiga rajista, da kuma abin da fayil ya ce game da wurin da kake zargi. Takardar da aka yi wa rajista za ka ga an buga mata lamba da shafi da kundi a jikinta. Kwafe su, za a buƙace su.

Daga nan hanya ta rabu uku. In hukuncin kotu da takardar marigayi daidai suke, takardar lauya ce kaɗai ta kauce, to laifin ofishinsa ne, sai ka bi matakan da ke tafe. In kuskuren tun daga kotu yake, lauya kwafa kawai ya yi, sai an fara komawa gaban alƙalin. Kotu tana da ikon gyara tuntuɓen alƙalami a hukuncinta, kamar suna ko lamba, amma in kason ne ake ganin ba daidai ba, wannan sai ɗaukaka ƙara, kuma ɗaukaka ƙara tana da wa'adi. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin al'amuran gado da wasiyya da kyauta na Musulmi. In kuwa a C of O ɗin kanta kuskuren yake, ma'aikata ce za ta gyara, takarda za ka rubuta mata.

Mataki na 4: Tara magada kafin ka je ko'ina

Wannan matakin ya fi duk sauran wuya, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Da zarar an ji wani ya ɗauki takardar gida ya nufi wajen lauya shi kaɗai, zargi ya shigo, musamman a gidan da ɗakuna suke da yawa. Kira kowa, har matan da ke gidajen aurensu, a sa wani babba da kowa ke jin nauyinsa, kawu ko baffa ko limamin unguwa. A ɗora hukuncin kotu kusa da takardar lauya kowa ya gani da idonsa.

Yi magana a fili. Ga matar uba, misali: "Hajiya, tumuninki yana nan yadda alƙali ya yanke, ba mai taɓa shi. Sunan Yaya ne ya faɗi a wajen bugawa, shi za a mayar." Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma wajibi ne kowa ya tashi daga zaman nan da wannan fahimtar. Duk wanda yake son a sake rabo, ko ya sayi kason ɗan'uwansa, ko ya yafe nasa, a bari sai an gama. Wannan takarda ce daban, kada a cusa ta cikin gyara.

A rubuta abin da aka amince a kai, kowa ya sa hannu, a wakilta mutum biyu daga ɗakuna daban-daban su riƙa bin maganar.

Mataki na 5: Rubuta wa ofishin lauyan

Ka fara zuwa da kanka, cikin mutunci. "Barista, ba rigima ce ta kawo mu ba. Ga abin da muka ba ku, ga abin da ya fito." Mafi yawan lauyoyi in sun ga shaida a gabansu ba sa jayayya, don sunansu ne a jikin takardar. Amma ko an yi dariya an rabu lafiya, miƙa wasiƙa. Ta ƙunshi sunan takardar da ranarta, shafi da layin da kuskuren yake, abin da aka rubuta, abin da ya kamata a rubuta, da takardar da ke tabbatar da hakan. Ka nemi su gyara a kan kuɗinsu, ka sa wa'adi mai ma'ana, kamar mako biyu. Kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Kwafin takardu za ka haɗa. In har aiki ya buƙaci ainihin, a rubuta maka shaidar karɓa mai lissafa kowace takarda.

Kan batun kuɗi, ra'ayina a nan ba ya rawa: wanda ya yi kuskure shi zai ɗauki aikin gyara, bai kamata marayu su biya kuɗin aiki sau biyu ba. Doka ma tana bayanka, domin sashe na 9 na Dokar Lauyoyi ya ce lauya ba shi da kariya daga alhakin asarar da sakacinsa ya jawo. Amma ka yi adalci. In ku kuka ba shi suna a karkace, ko kuka manta da wani magaji a jerin da kuka kai, to kuɗin naku ne.

In ofishin ya rufe, ko lauyan ya rasu, ko kuma kun daina yarda da shi, kowane lauya mai lasisi zai iya rubuta gyaran. Ba dole sai wanda ya yi ta farko ba.

Mataki na 6: Takardar gyara

In takardar ba ta shiga rajista ba, kuma ba a biya mata harajin hatimi ba, abin da sauƙi. A buga sabuwa daidai, kowa ya sake sa hannu, a tattaro duk kwafin tsohuwar a soke su a gaban kowa. Kada a bar ko ɗaya yana yawo.

In ta shiga rajista, ba a janye ta. Ana rubuta wata ƙaramar takarda ce da lauyoyi ke kira Deed of Rectification, wadda za ta zauna tare da ta farko har abada. Kafin kowa ya sa hannu, karɓi daftarin ka kai gida, ka tabbatar da waɗannan:

- Ta ambaci takardar farko da ranarta, da lamba da shafi da kundin rajistarta.
- Mutanen da ke cikinta su ne na takardar farko, har da magajin da sunansa ya faɗi, in akwai.
- Ta kawo kalmomin kuskuren yadda suke, sannan ta kawo na daidai.
- Ta ce duk sauran abin da ke takardar farko yana nan daram.
- An liƙa taswirar daidai in gyaran ya shafi fili.
- Akwai sunan lauyan da ya rubuta, shi kansa, da hatiminsa na Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya, NBA. Sunan ofis kaɗai bai wadatar ba.

Karanta daftarin nan kamar yadda ka karanta na farko, mutum biyu, da ƙarfi. Takardar gyara mai ɗauke da sabon kuskure ba baƙon abu ba ce.

Wani zai ce maka takardar rantsuwa ta wadatar. Tana da amfani in saɓanin rubutun suna ne kawai, a nuna cewa A'isha da Aishatu mutum ɗaya ce, a haɗa da sanarwar jarida. Amma rantsuwa maganar mutum ɗaya ce. Ba ta canza lambar fuloti, ba ta ƙara magaji, ba ta gyara kaso.

Mataki na 7: Sa hannu

Duk wanda ya sa hannu a ta farko zai sa a wannan, a gaban shaidu, da ranar da aka sa hannun ta gaskiya. Kada ka yarda a mayar da kwanan wata baya don ta yi daidai da ta farko.

Wanda ba ya karanta Turanci, a karanta masa a fassara masa da Hausa, a rubuta a jikin takardar cewa an yi hakan kuma ya fahimta, da sunan tafinta da sa hannunsa, sannan ya dangwala yatsa. Rashin wannan bayanin ƙofa ce da ake shigowa ta ita daga baya a ce tsohuwa ba ta san abin da ta dangwala wa hannu ba. Matan da ba sa fita, a kai musu takardar har gida tare da shaidu. Kada miji ko wa ya sa hannu a madadin mace ba tare da rubutaccen wakilci ba.

Wanda yake ƙasar waje, ya yi takardar wakilci a gaban jami'in da ke tabbatar da takardu a can, ko a ofishin jakadancin Nijeriya, ya aiko da ainihinta. Yaran da ba su balaga ba, waliyyinsu ko wasiyyin da kotu ta sani shi zai tsaya musu. In wani magaji ya rasu bayan an yi takardar farko, kasonsa ya zama gadon nasa magadan, sai an kawo hukuncin rabonsa su tsaya a gurbinsa. Wannan yakan ja lokaci, shi ya sa jinkiri a gyaran takardar gado ba ya haifar da alheri: yau mutum shida za ka nema, bayan shekara goma wataƙila talatin.

Mataki na 8: Haraji, amincewar gwamna, rajista

Kai takardar ofishin harajin hatimi na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Tafi da rasit ɗin takardar farko, ka nuna cewa gyara ne, babu kuɗin da ya canza hannu, don kada a yi maka lissafi kamar sabon ciniki.

Sai ma'aikatar ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna. Sashe na 22 ya hana mai shaidar mallaka ya miƙa haƙƙinsa ga wani sai da amincewar gwamna, sashe na 26 ya ce abin da aka yi saɓanin haka ba shi da inganci. Wanda ya fi shafar magada shi ne sashe na 24, wanda ya ce filin da gwamna ya bayar ba a tsaga shi gida biyu ko fiye saboda rasuwar mai shi sai da amincewar gwamna. Saboda haka in gyaran harafi ne a suna, yawanci a fayil za a ƙare. In ya taɓa lambar fuloti, ko faɗin fili, ko waɗanda suka mallaka, sa rai za a nemi amincewa, wataƙila a turo safiyon gwamnati ya sake awo. A Abuja ministan birnin tarayya ne ke ba da amincewar.

Biya duk bashin kuɗin ƙasa kafin ka miƙa, don fayil mai bashi ba ya motsi. Kowane kuɗi a biya shi a asusun gwamnati. Masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa za su fitar da takarda cikin kwana biyu, ka gaishe su ka wuce. Ka roƙi a rubuta a jikin rajistar takardar farko cewa an yi mata gyara, da lambar sabuwar, yadda duk mai bincike zai ga biyun tare.

Gidajen cikin gari da na ƙauye da ba su da C of O, waɗanda takardarsu ta ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da dagaci, ba sa bin wannan dogon layi. A rubuta takardar gyara, magada su sa hannu, maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa su shaida iyaka, mai unguwa da dagaci su buga hatimi, a kai kwafi kotun da ta yi rabo. In fili ne na karkara mai takardar ƙaramar hukuma, can za a kai gyaran.

Mataki na 9: In wani ya ƙi

In wani magaji ya ƙi sa hannu saboda kuskuren ya yi masa daɗi, a fara da sulhu ta hannun manya. In ya ci tura, akwai kotu. Abin da ya shafi wane ne magaji da nawa ne kasonsa, kotun da ta yi rabo za a koma. Umarnin a gyara takardar da aka yi wa rajista a kan fili mai C of O kuwa na Babbar Kotun jiha ne. Alƙali zai nemi hujja bayyananniya cewa abin da aka rubuta ba shi aka yi nufi ba, kuma a nan ne hukuncin rabo da saƙonnin da kuka aika wa lauya za su yi maka rana.

Tun ranar da ka ga alamar gardama, sa lauya ya shigar da takardar gargaɗi a fayil ɗin gidan, wadda ake kira caveat, don kada a sayar ko a jinginar. Wannan ba abin jinkiri ba ne. In gidan ya faɗa hannun wanda ya saya da kuɗinsa bai san da kuskuren ba, kotu ba ta cika yarda ta yi gyaran da zai cutar da shi ba.

In lauyan ne ya yi kunnen uwar shegu da wasiƙarka, aika ta biyu, sannan ka kai koke reshen NBA na garinku. Shugabannin reshe sukan kira shi, kuma sau da yawa maganar a nan take mutuwa. In ta wuce nan akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC. Amma ka sani ladabtarwa ba ta gyara takarda, don haka kada ka zauna jiran ta. Ba wani lauya aikin, ka adana rasit, ka nemi kuɗinka daga baya. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya gwada ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da ke jiharsa.

Mataki na 10: Sake bincike

Bayan an ce maka an gama, bari 'yan makonni su wuce, sannan ka sake biyan kuɗin bincike kamar baƙon da ke son sayen gidan. Rahoton da zai fito shi ne zai nuna ko gyaran ya shiga. Duba sunaye da lambobi a cikinsa, ka kuma duba ko takardar neman kuɗin ƙasa ta fara fitowa da bayanin daidai. In an shigar da takardar gargaɗi a baya, a janye ta yanzu.

Karɓi kwafin takardar gyara wanda ma'aikata ta tabbatar, a yi wa kowane magaji nasa, mace da namiji. A haɗa ta farko da ta gyara da hukuncin kotu da rahoton bincike wuri ɗaya, a ɗauki hotonsu shafi-shafi a waya a tura wa kowa, sannan a rubuta a takardar zaman iyali sunan wanda ainihin takardun suke hannunsa.